Cin Rani Daga Cikin Ɗaki: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Masu Aikin Jinga Ta Intanet

A ƙasar Hausa tun zamanin kaka da kakanni da sana'a ake sanin mutum, ita kuwa sana'a da ido ake ganinta. Maƙeri yana da maƙerarsa, tun daga nesa ana jin dukan ƙarfe. Marini ba ya bukatar shaida, hannunsa ya ishe shi. Ko ɗan cin rani da ke barin garinsu bayan an gama girbi, an san ranar fitarsa, an san garin da ya nufa, in bazara ta yi kuma a ga komowarsa da ɗan abin da Allah Ya ba shi. Saboda haka in aka zo gaban hakimi ana son a san ko wane ɗan wane yana da abin yi, ba a shan wata wahala. Hakimi ya tambayi dagaci, dagaci ya tambayi mai unguwa, shi ke nan magana ta ƙare.

To, yanzu ga wata sana'a ta shigo wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki kamar yadda maƙera da mahauta suke da shi, ba a kuma jin motsinta. Saurayi ya shige ɗaki ya rufo, ya zauna gaban kwamfuta ko wayar hannu, ya raba dare yana danne-danne, da hantsi a same shi yana barci. Bayan 'yan watanni sai a ga ya sayi babur, ko ya sa wa ɗakin mahaifiyarsa kwano. Nan da nan sai unguwa ta rabu biyu, wasu su ce yaron nan ya sami sana'a, wasu su ce ɗan damfara ne. Ƙarshenta dai gaban hakimi maganar take zuwa, ko ta hanyar binciken aure, ko neman takardar shaida, ko ƙarar wani da ya ce an ci masa kuɗi. In hakimi bai san yadda sana'ar take ba, ɗayan biyu ne: ko ya ɓata sunan mai gaskiya, ko ya sa hannu ya wanke macuci. Don gudun haka aka shirya wannan darasi.

Hanyar da saƙo ke bi

Dattawa suna tune da zamanin da in mutum yana son aika magana cikin gaggawa sai ya tafi gidan waya ya buga tangaraho, ana lissafa masa kuɗi kalma kalma. Tarho kuwa sai a ofisoshin gwamnati da gidajen manyan attajirai. Har zuwa shekarar 2000, zamanin kamfanin NITEL, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A 2001 gwamnati ta sayar da lasin wayar hannu, cikin watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka soma aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Shi intanet ba wani abin tsafi ba ne. Kwamfutocin duniya ne aka haɗa su da waya suna miƙa wa juna saƙo. Saƙon da ya bar wayar mutum a Ɗambatta yakan bi iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya shiga wata igiya da aka binne a gefen titi, wadda cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke gudu a cikinsa. In saƙon na ƙasashen waje ne, igiyar ta kai shi Ikko, ya faɗa wata da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Turai. Duk wannan doguwar tafiya ba ta cin daƙiƙa ɗaya. Da farko igiyar teku ɗaya ce aka dogara da ita, wadda ake kira SAT-3. A 2010 aka ƙara Main One da Glo-1, a 2012 WACS ta zo, a 2022 kuma ta kamfanin Google mai suna Equiano ta iso Ikko. Ƙaruwar waɗannan igiyoyi ita ta sa intanet ya yi arha har talaka ya iya shiga.

Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka yanke a teku daura da ƙasar Kwaddibuwa. A ranar nan da kwanakin da suka biyo, mutane da yawa a Nijeriya suka kasa tura kuɗi ta banki, masu aiki da ƙasashen waje suka zauna jugum. Watau abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan da Bakano bai taɓa gani ba ya iya hana shi cefane.

Yadda jingar take

Aikin jinga ba baƙon Bahaushe ba ne. Manomi yakan ba da jingar noman gonarsa, a yi tsada, a gama, a biya, kowa ya kama gabansa. Malaman hakimai ma sun san wani misali da ya fi wannan kusa, watau mai rubuta wasiƙa da ke ajiye teburinsa a bakin gidan waya. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ya faɗi saƙonsa, a rubuta masa, ya biya. Ba albashi, ba ubangida guda ɗaya, ranar da ba a zo ba kuwa babu ko anini. Mai jinga ta intanet shi ne wannan mai tebur, sai dai shi masu zuwa wurinsa suna iya kasancewa a London, ko Dubai, ko Amurka, kuma har su rabu ba za su ga fuskar juna ba.

Ayyukan da ake bayarwa suna da yawa: fassara daga Turanci zuwa Hausa, sauraron magana a mai da ita rubutu, zanen tambari da tallar kaya, gyaran bidiyo, rubuta manhajar kwamfuta, riƙe wa wani kamfani lissafinsa ko amsa wasiƙunsa. Harshen Hausa kansa ya zama haja. Tun da kamfanin Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, kamfanonin da ke son na'urorinsu su ji Hausa suna biyan mutane su karanta jimloli a naɗi muryarsu, ko su duba abin da na'ura ta rubuta su gyara.

Amma yaya wanda yake London zai amince wa wanda yake Funtuwa? A nan ne dillali ya shigo. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, baƙo yakan sauka gidan fatoma. Fatoma ke ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, kana ya cire la'adarsa. Akwai kamfanoni da ke yin wannan aiki na fatoma ta intanet. Manya daga cikinsu su ne Fiverr, wanda aka kafa a Isra'ila a 2010, da Upwork na Amurka, wanda ya sami wannan suna a 2015 bayan haɗewar wasu kamfanoni biyu, Elance da oDesk. Mai neman aiki ya yi rajista da sunansa da shaidarsa, ya bayyana abin da ya iya. In an yi ciniki, mai ba da aikin ya zuba kuɗin a hannun kamfanin, kamfani ya riƙe amana, sai an gama aiki an karɓa sa'an nan ya saki kuɗin bayan ya cire nasa. La'adar Fiverr kashi 20 ce cikin 100, watau ɗaya bisa biyar. Dillalin da ya nemi irin wannan a kasuwar shanu ta Wudil da ya sha surutu, amma su waɗannan ba a yin ciniki da su, ko a yarda ko a bari.

Bayan an gama, mai ba da aiki yakan ba ma'aikacin taurari, daga 1 zuwa 5, ya kuma rubuta ɗan bayani a kansa wanda kowa zai iya karantawa. Taurarin nan su ne mutuncinsa a wannan kasuwa. Wanda ya tara su aiki ke nemansa, sabon shiga kuwa yana iya yin watanni yana jefa takardar nema ba wanda ya kula shi, domin yana gasa ne da mutanen Indiya da Fakistan da Filifin da Kenya, kowa yana karya farashi. Wannan magana ta taurari tana da amfani ƙwarai ga hakimi, za a kuma komo kanta.

Lissafin abin da ke shiga aljihu

Samun kuɗin ya iso gida ma wani aiki ne. Kamfanin PayPal, wanda mutanen Turai da Amurka suka fi amfani da shi, ya buɗe wa Nijeriya ƙofa a 2014, amma aka yi shekaru masu yawa ɗan Nijeriya yana iya biya da shi, ba ya iya karɓa. Saboda haka masu jinga suka koma ga irin su Payoneer, ko su buɗe asusun dala a banki. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa watan Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Abin da ya zama tsadar rayuwa ga ma'aikacin albashi, shi ya zama ƙarin kuɗi ga mai karɓar dala. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake ganin wasu samari sun yi fes cikin ɗan lokaci, ba lalle sai da wata ɓarna ba.

Ga misali, don malamai su iya bin lissafin. A ɗauka wani saurayi ya fassara wa wata ƙungiyar lafiya takarda a kan dala 100. Kamfanin dillanci ya cire 20, saura 80. In an ƙaddara dala naira 1,500 ce, ya tashi da naira 120,000, ban da ɗan abin da ake yanka wajen turowa. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ashe ke nan aikin kwana huɗu ko biyar ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya yi rabin lissafi. Daga cikin kuɗin nan zai sayi data, ga shi a watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Wutar lantarki ba ta tsayawa, tilas ya sayi janareta ko faifan sola da batir, fetur kuwa tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023 ya ninka ya sake ninkawa. Kwamfuta in ta lalace shi zai gyara. Bugu da ƙari bayan wannan aiki yana iya yin mako uku bai sami wani ba. Ba shi da fansho, ba shi da hutun ciwo, in kuwa kamfanin dillanci ya rufe asusunsa bisa wani zargi, taurarin da ya yi shekaru yana tarawa sun tafi, kuma ba shi da alƙalin da zai kai ƙara a kusa. Har wa yau tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, na'urori masu ƙirƙirarriyar basira sun ɗauke wani kaso na ƙananan ayyukan rubutu da fassara da zane. Sau da yawa yanzu abin da ake kawo wa mai fassara shi ne ya gyara abin da na'ura ta yi, a kan kuɗin da bai kai na da ba. Saboda haka uban da ya zo shawara wurin hakimi yana cewa ɗansa na son ya sayar da gona ya sayi kwamfuta, abin da ya dace a gaya masa shi ne a riƙe gonar, yaro ya fara da abin da ke hannu har a ga kamun ludayinsa.

Maganar raba dare kuwa, wadda ita ta fi jawo zargi, tana da dalilai a sarari. Agogon New York yana bayan na Nijeriya da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, na Kalifoniya kuwa da awa 8 ko 9. In rana ta take tsaka a Kalifoniya, a Kano an yi sallar lisha. Mai aikin da ubangidansa na wannan mako yake can, tilas ya farka lokacin da shi yake farke. Ban da wannan, kamfanonin waya suna sayar da datar dare da rahusa, sabis ma ya fi gudu in mutane sun kwanta.

Masu sana'ar gida

Kada a zaci duk masu cin abinci ta intanet da Turawa suke hulɗa. Waɗanda suka fi yawa a gundumomi kasuwarsu ta gida ce. Akwai mata a cikin gidajen aurensu da ke sayar da atamfa da leshi, da turaren wuta da humra, da dambun nama da kayan miya. Ta sa hoton kaya a WhatsApp ko Instagram, mai saye a Abuja ko Fatakwal ta turo kuɗi ta banki, a kai ƙunshin tasha a ba direba, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jiki. Da can 'yar talla ce ke fita da kayan matar kulle, iyakarta unguwa ko kasuwar gari. Yanzu wayar ta ɗauki wani sashe na wannan aiki, in kuwa haka ya sa yarinya ta zauna a makaranta, to, abin a ƙarfafa ne.

Akwai marubutan littattafan Hausa, galibinsu mata, waɗanda da can sai sun nemi kuɗin ɗab'i. Yanzu sukan saki labari babi babi, na farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi cikin zauren masu karatu. Masu shirya fim na Kano su ma sun koma YouTube tun da kasuwar faifai ta mutu, kamfanin yana biyansu daga kuɗin tallar da ake sakawa cikin shirin. Shirin Izzar So, wanda aka soma a 2020, ta wannan hanya ya yi suna. Kowane shiri kuwa yana da masu gyaran hoto da masu rubuta fassara da ake biya a kan jinga.

Sai kuma masu POS, waɗanda babu kasuwar ƙauyen da ba a ganin lemarsu. Darajarsu ta fito fili a farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A watannin nan mai shayi da mai kayan miya da ba su taɓa shiga banki ba suka koyi karɓar taransifa, da yawansu kuma ba su bari ba har yau.

Duk waɗannan abincinsu a rataye yake a jikin ƙarfen sabis. An ga haka a watan Satumba 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kana aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mene ne amfanin da aka samu ta wajen tsaro, mutane sun riƙa yin tafiya mai nisa zuwa inda akwai sabis don kawai su karɓi kuɗin da ɗan'uwa ya turo. In irin wannan shawara ta sake tasowa aka nemi ra'ayin hakimi, ya kamata ya iya faɗin yawan masu POS da masu sana'ar waya da ke ƙasarsa, don masu yanke shawara su san nauyin abin da za su ɗora wa talakawa.

Rarrabe mai sana'a da macuci

Ba a musun cewa akwai macuta, kuma su ma kwamfuta da waya ne kayan aikinsu, su ma da dare suke farkawa. Ana kiransu 'yan 419, daga lambar wani sashe na dokar laifuffuka da ake aiki da ita a Kudu. A Arewa dokar Final Kod ce ke hukunta zamba. Ban da su akwai dokar tarayya ta laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma hukumar EFCC da ke farautarsu tun 2003. Tun da yake kamanninsu ɗaya daga waje, ta ina za a gane?

Ta aikin. Mai sana'a yana da abin nunawa. In aka ce ya buɗe shafinsa a kamfanin dillanci, za a ga sunansa na gaskiya da hotonsa, da jerin ayyukan da ya gama, da taurarin da aka ba shi, da ranar da ya yi rajista. Yana iya nuna takardar da ya fassara ko tambarin da ya zana. Bayanin asusunsa na banki zai nuna kuɗi suna shigowa daga wuri sananne, da sunansa, daidai gwargwadon aikin. Galibi ma yana murna a tambaye shi, domin ya gaji da zargi. Macuci kuwa ba shi da aikin da zai ajiye a gaban mutane. Yana amfani da suna da hoton da ba nasa ba, sau da yawa na mace ko na Bature. Yana da layukan waya barkatai, yana aron asusun bankin mutane, kuɗi kuma suna faɗo masa da yawa lokaci guda daga mutane dabam dabam da ba ya iya bayanin abin da ya yi musu. Malamin hakimi da ya iya karatun boko yana iya duba waɗannan cikin rabin sa'a, in kuwa abin ya fi ƙarfinsa ya nemi wani amintacce da ya san kwamfuta su duba tare, a gaban mai abin, da yardarsa.

A lura, da yardarsa aka ce. Hakimi uban ƙasa ne, ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon ƙwace wayar mutum ko tilasta masa ya buɗe ta. Wanda ya zo neman takardar shaida ko neman aure ya ƙi nuna sana'arsa, hakimi yana da damar ya ƙi sa hannu, iyakarta ke nan. In akwai ƙwaƙƙwaran zargi na laifi, a miƙa ga 'yan sanda ko EFCC.

Akwai wata cuta kuma da ke shigowa da rigar sana'a, ita ce ta fi cin talakawa. A ce wa mutum ya zuba kuɗi ta waya za a ninka masa cikin wata guda, in ya kawo wasu kuma a ba shi lada. Babu wani ciniki a bayan wannan, kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a rufe. Haka MMM ta yi a watan Disamba 2016, haka CBEX ta yi a watan Afrilu 2025, mutane suka yi hasarar dukiya mai yawa. Alamar da ba ta ƙarya ita ce, aikin jinga na gaskiya ma'aikaci ake biya. Duk inda aka ce sai ya fara biya kafin a ba shi aiki, ko aka yi alkawarin riba ba tare da wani aiki ba, to, a yi nesa. Abin takaici shi ne sau da yawa wanda ya kawo abin gari mutumin kirki ne da shi ma aka ruɗa, ya jawo danginsa da abokan sallarsa, in ta fashe kuma shi ake kawowa ƙara.

Abin da ke wuyan malamai

A 2014 aka soma ba masu asusun banki lambar BVN, daga watan Disamba 2020 kuma aka tilasta haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka aikata da layi ko asusu, mai sunan ake fara nema. Sau da yawa dattijo ko matar aure sukan ba wani yaro asusunsu ya karɓi kuɗi, ko su yi masa rajistar layi da sunansu don ɗan abin goro, ranar da aka biyo sawu su ake kamawa. Ya kamata hakimai su sa a yi shela a kasuwanni, su kuma roƙi limamai su faɗa ranar Juma'a, cewa kada kowa ya ara wa wani asusunsa ko layinsa. Kada kuma a gaya wa kowa lambar sirri ta kati, ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, domin banki ba ya tambayar waɗannan.

In aka kawo rigimar ciniki don sulhu, misali mai kaya ta ce ba a biya ta ba, mai saye ya ce ya tura, kada malami ya dogara da saƙon alat ko hoton rasit da aka nuna masa a waya, gama ana ƙirƙira na jabu. A sa mai karɓa ya duba asusunsa, ko ya karɓo bayanin asusu daga banki. Malami ya rubuta ranar ciniki, da adadin kuɗi, da sunan da ke kan asusun da aka tura wa, da lambar shaidar turawa. Ya kuma gargaɗi masu rigimar kada su goge saƙonnin da suka yi wa juna, domin dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya in an cika sharuɗɗanta, in sulhu ya gagara za a bukace su.

Ta wajen haraji, ko da yake karɓarsa ya bar hannun hakimai tuntuni, masu jinga sukan zo tambaya. Amsar ita ce kuɗin da mazaunin Nijeriya ya samu ta intanet, ko daga waje ya zo, abin biya wa haraji ne kamar na kowace sana'a. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki a watan Janairu 2026, ta yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. A tura su ofishin tara kuɗin shiga na jiha don cikakken bayani.

Wajen rubuta takardar shaida kuwa, kada malami ya rubuta "ba shi da aiki" don kawai bai ga rumfa ba, kada kuma ya rubuta "ɗan kasuwa" don ya huta. Ya rubuta ainihin abin da ya gani, kamar "mai fassara ta intanet", ko "mai zanen talla", ko "mai POS a kasuwar gari", da tsawon lokacin da mutumin ya yi yana yi, da sunan mai unguwar da ya tabbatar da zamansa. Zai kyautu kuma kowace gunduma ta buɗe littafi na masu irin waɗannan sana'o'i da suka yarda a rubuta su, a riƙa sabunta shi kowace shekara. Sai dai littafin ya tsaya a kan suna da unguwa da irin sana'a. Lambar BVN da NIN da lambar asusu ba su da gurbi a cikinsa, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk wanda ya tara bayanan mutane, kuma littafin da ke kan teburin ofis kowa yana iya buɗawa.

Saura maganar ƙarfen sabis da igiyar da ke gefen titi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Ɓarayi sukan saci batir da man janareta a gindin ƙarfen, masu aikin hanya da masu haƙar rami kuma sukan datse igiyar ba da sani ba. Ya kamata kowane dagaci ya san inda igiyar ta ratsa a ƙasarsa, ya san mai gadin ƙarfen da sunansa, in kuma za a yi haƙa kusa da alamar da kamfani ya kafa, a sanar da hakimi tukuna, shi kuwa ya sanar da kamfanin kafin a sa diga a ƙasa.